Ruwa Ya Kore Mu Daga Gulbi a 1945, Ga Shi Ya Iske Mu Bisa Tudu



Duk wanda yake cikin Maradi ranar Juma'a 30 ga watan Agusta na 2024, ba sai an tuna mishi ba. Cikin kamar awa ɗaya da rabi anka zuba ruwan da ya kai milimita 150. Gidajen ƙasa sunka faɗi, tituna sunka koma korama, gwamnan jaha ya sanar da rasuwar mutum 15 a cikin gari. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri.

Kwanakin da sunka biyo baya, wayar filin da nake gabatarwa a rediyo ba ta huta ba. Wannan ya ce laifin meri ne da ba ta yashe kaniwo. Wancan ya ce laifin mutane ne masu zuba shara cikin kaniwo. Sai wani dattijo ya bugo, muryarshi a sanyaye, ya ce mu yaran yanzu ba mu san cewa ruwa ne ya hawo da garin ga inda yake yau ba, kuma in mun san haka da gardamar tamu ta sake kama. Maganar ta tsaya mini a rai. Shi ya sa yau nake son mu koma baya, mu bi zamani bayan zamani, mu ga wa ke share Maradi, wa ke gyara hanyoyinta, da kuɗɗin wa, kuma ina abin ya tsinke.

Maradin farko a cikin kwarin gulbi take. Bayan da masu jihadi sunka karɓe Birnin Katsina a 1807, sarakunan Haɓe sunka yo arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa zamanshi a nan wajen 1819. Zaman kwari a lokacin dabara ce. Akwai kurmi mai duhu da ke tare dawakin abokan gaba, akwai ruwa kusa, akwai ƙasar fadama mai albarka. Anka kewaye gari da ganuwa, lunguna ƙanana suna murɗawa tsakanin gidaje.

A wancan zamani shara ba matsala ba ce irin ta yau, saboda abin da gida ke fitarwa ƙasa na cinye shi. Toka ce, ƙaiƙayi, kashin awaki, ɓawon gyaɗa, fasasshen ƙwarya da tsohuwar tabarma. Mace ta share tsakar gida da ƙofar gida da safe, yaro ya kai juji. Da rani mai gona ya zo da jaki da mangala ya kwashe jujin ya kai gona ya zama taki. Juji dukiya ne, mai shi ya san darajarshi. Babu ma'aikata, babu mota, amma sarƙar a cike take tun daga tsintsiya har gona. Ku riƙe wannan sarƙar a zuciya, don duk tarihin da zai biyo baya labarinta ne.

Sai damina ta 1945. Gulbi ya cika ya yi ambaliya, ya ci babban sashe na tsohon gari. Kakata tana yarinya a lokacin, kuma har ta rasu, abin da take tunawa shi ne rumbunan hatsi da sunka narke da mutane ɗauke da kaya a kai suna hawan tudu. Turawan Faransa, waɗanda ke mulkin ƙasa a lokacin, sunka yanke cewa ba za a sake gina gari cikin kwari ba. Anka shata sabon gari bisa tudu, da tituna miƙaƙƙu masu faɗi, gidaje layi-layi, da babban hili gaban fadar Sarkin Katsina. Unguwanni sunka hawo da sunayensu: Bagalam, Ƴandaka, Maradawa, Limanci, Mokoyo, Ɗan Gulbi. In ka taɓa mamakin yadda tsakiyar Maradi ta fi tsohon Birnin Damagaram miƙaƙƙun hanyoyi, to dalilin ke nan. Ita an zana ta a takarda kafin a gina.

Tsabta a zamanin kumandan da bulala take. Akwai masu duba gari da ke shiga gidaje suna leƙa randa da bayan gida, wanda anka samu da ƙazanta ya sha tara ko ya kwana a tsare. Hanyoyi kuwa da aikin tilas anka yi mafi yawansu, mai gari ya ba da mutane, gardi ya tsaya a kansu. Sai a watan Afrilu na 1946 dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny ta soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulka. Tsofaffi na cewa gari ya yi tsaf a lokacin, kuma ban ƙaryata su ba. Amma abin da ya zauna a kan mutane shi ne titi na hukuma ne, shararshi wahala ce da ake ɗora ma talaka. Da bulala ta tafi, mutum ya share iyakar ƙofarshi ya koma ciki. Ina jin har yau ba mu gama warkewa daga wannan ba.

Bayan samun ƴancin kai a 1960, gyaɗa ce ke juya garin. Kamfanin SONARA da anka kafa a 1962 yana saye, kamyo na ɗauka, alhazan Maradi na tasowa da fatauci tsakanin nan da Katsina da Kano. Sai farin 1973 da 1974 ya karya noman gyaɗa, ya kuma turo mutanen karkara cikin gari. Ku dubi lissafin ƙidaya. A 1977 Maradi na da mutum wajen 44,000. A 1988 sun kai wajen 110,000. A 2001 wajen 148,000. A 2012 sun haura 267,000. Wato cikin shekara 35 gari ya ninka sau shida. Sabon Gari, Sura Bildi, Zariya, Ali Ɗan Sofo, duk sunka cika. Magudanan da anka yi ma ƙaramin gari su ne anka bari su ɗauki ruwan babban birni.

Nan akwai abin da kowa ya kamata ya gane game da zaman tudu. Ruwan da ya sauka bisa tudu dole ya gangara gulbi. Da can gonaki da rairayi ke shanye rabinshi. Yanzu kwano ne da siminti da gudron, ruwa ba ya samun wurin nutsewa, sai ya taru ya yi ƙarfi ya bi titi. Inda ya iske kaniwo a buɗe, ya wuce salin-alin. Inda ya iske shi cike da yashi da leda, ya hau titi ya shiga gidaje. A bakin tudu kuma, wajen gangaren gulbi, ya haƙa kwazazzabai masu cin gidajen mutane kaɗan-kaɗan kowace damina. Turawa sun raba mu da ruwan da ke tasowa daga ƙasa. Wanda ke gangarowa daga sama, wannan aikinmu ne.

Zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, ya zo da tashi dabara, wato samariya. Kowace unguwa da sarkin samari da magajiya. A buga ganga, matasa su fito da tsintsiya da shebur da buruweti, a share titi, a cike rami, a gina aji, a gyara maƙabarta. Iyayenmu na ba da labarin da daɗi, kuma gaskiya aikin gayya ya yi amfani. Sai dai mu faɗi ɗayan gefen. Umurni daga sama yake zuwa, magajin gari gwamnati ke naɗa shi, kuma fitowar ta fi yawa in babban baƙo na tahe. Da mulkin ya wuce, anka shiga siyasar jam'iyyu bayan babban taron ƙasa na 1991, samariya ta watse, ba a kafa wani abu a gurbinta ba.

Shekarun 1990 su ne sunka fi yi ma garuruwanmu illa. Baitulmali ya bushe, ma'aikata na yin watanni ba albashi, a watan Janairu na 1994 anka karya darajar sefa da rabi, kayan gyaran mota sunka yi tsada. Kamyon shara da ya lalace sai ya kwanta a gareji. An samu ayyukan pabe da kaniwo ta hanyar NIGETIP da kuɗɗin masu ba da lamuni, matasa sunka samu aikin hannu, amma kuɗɗin gini daban, na kulawa daban, kuma na biyun ne babu.

A daidai wannan lokacin ne baƙuwar da ta fi kowa ɓarna ta zauna da gindinta, wato leda. Da mace kan je kasuwa da kwando ko ƙwarya, mai tsire ya naɗe nama a takarda. Yanzu tumatir na dala biyar ma sai an sa shi a baƙar leda, ga ledar piyawata a kowace kusurwa. Leda ba ta ruɓewa. Da ta shiga juji, manomi ya fara gudun jujin, don ba ya son ya shimfiɗa ma gonarshi abin da zai hana shuka numfashi. Wanda ya ɗauka ma sai ya tsaya tankaɗe. Ga inda tsohuwar sarƙa ta tsinke. Juji ya tashi daga dukiya ya koma bola, ba mai so, ba mai ɗauka. Ku tambayi mahauta abin da suke ciro wa daga tumbin akuya da saniya. A ranar 5 ga watan Nuwamba na 2014 anka yi doka mai lamba 2014-63 da ta hana ƙerawa da shigowa da sayar da irin wannan leda a Nijar. Ku leƙa kasuwa gobe da safe ku gaya mini ko dokar ta iso.

To, ina maganar ƙananan hukumomi ta shigo? Yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995 ta ƙarfafa alƙawarin sakar ma yankuna mara su gudanar da harkokinsu. An yi zaɓen ƙananan hukumomi a watan Fabrairu na 1999, ya ƙare cikin rikici, watanni biyu bayan nan anka yi juyin mulki. Sai ranar 24 ga Yuli 2004 ƴan Nijar sunka zaɓi konseye a komin 265, su kuma konseye sunka zaɓi magadan gari. Ina ɗan koleji a lokacin, ina tuna murnar da anka yi. Mutane na cewa yanzu mai kula da titinmu ɗan unguwa ne, mun san gidansu, za mu iya tare shi a masallaci.

A 2010 anka tattara dokokin ƙananan hukumomi cikin kundi guda, anka ba Yamai da Maradi da Damagaram da Tawa matsayi na musamman. Maradi aka raba ta gunduma uku, Yamai biyar, Damagaram biyar, Tawa biyu. Aikin da doka ta ɗora ma hukumar gari a fili yake: kwasar shara, yashe magudanai, titunan cikin gari, kasuwanni, tashoshi, mahauta, maƙabartu, fitilun kan hanya. Manyan hanyoyin ƙasa kamar RN1 mai zuwa Yamai da Damagaram, da RN9 mai zuwa Ɗan Isa da iyakar Najeriya, waɗannan na gwamnatin tsakiya ne. Yana da kyau mai sauraro ya san wannan bambanci, don sau da yawa ana zagin wanda ba shi da hannu, a bar mai alhakin yana barci.

An ba da aiki, amma kuɗɗin fa? Hukumar gari na rayuwa da tikitin kasuwa, kuɗɗin tasha, patanti, lanhon titi da ake kira taks da buwari, da rabon da gwamnati ke mayar mata. Talaka ya ce ba ya biyan lanho don bai ga aiki ba. Meri ta ce ba ta aiki don ba a biya ba. Kowa na jiran ɗan'uwanshi ya fara. Abin da ya shigo kuma, albashi da mai da hidimar ofis sun cinye babban kaso kafin a zo kan kaniwo. An kafa hukumar ANFICT a 2008 don tallafa ma ƙananan hukumomi, a 2016 kuma gwamnati ta miƙa musu ƙarin nauyi a fannin ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. Magadan gari na kowace jam'iyya sun sha kukan cewa nauyin ya riga kuɗɗin isowa.

Da hanya ta ƙure, garuruwa da yawa a ƙasar nan sunka koma ga abin da ya fi saurin kawo kuɗɗi, wato lotisma. A yanka gonakin bakin gari a sayar da parsel. Ita kanta gwamnati ta taɓa biyan bashin albashin ma'aikata da filaye a farkon shekarun 2000. Sai unguwa ta tashi babu titi, babu magudana, babu wurin zuba shara. A takardar lotisma akan ware hilin makaranta, na asibiti, na wasan yara, na shan iska. Sau nawa kunka ga irin wannan hili ya fara da zama bola, bayan shekara kaɗan a wayi gari an kewaye shi da bulo? Bolar da ba ta kan ƙa'ida ba gaira ba dalili take tasowa ba. Duk inda babu wurin da anka ware, mutane za su ware da kansu: kangon da mai shi ke Abija ko Legas, bayan katangar lekol, bakin maƙabarta, ko cikin kwazazzabo da sunan wai ana cike shi.

Sai bikin 18 ga Disamba mai zagayawa. Dosso Sogha a 2014, Maradi Kwalliya a 2015, Agadez Sokni a 2016, Tawa Sakola a 2017, Zinder Sabuwa a 2018. Ba zan zama butulu ba. Maradi ta samu gudron da kaniwo da fitilu da gine-ginen da ba ta taɓa samu a shekara guda ba, wanda ya san garin kafin 2015 ya san an canza mishi fuska. Tambayar da nake yi ita ce ko kwalliya ta biya kuɗɗin sabulu. Titi sabo na buƙatar mai kwashe yashin da iska ke tarawa a gefenshi. Fitila mai aiki da rana na buƙatar mai canza batir. Kaniwo na buƙatar a buɗe shi kowace shekara kafin ruwan farko. Gwamnatin tsakiya ta gina ta tafi, ta bar ma hukumar gari renon abin da ba a ba ta abincinshi ba.

Kuma abin ba a kan kyan gani ya tsaya ba. Kwalara ta shiga jahar Maradi a 2018, ta fara daga wajen Madarunfa, ta sake dawowa a 2021. Kowace damina asibitoci na cika da yara masu zazzaɓin cizon sauro. Ruwan da ya kwanta bayan bola, shi ne gidan sauron. Mai kabu-kabu da ke canza taya da shokoba saboda ramuka, mai amalanke da jakinshi ya karye, mai shagon da ruwa ya shiga ya jiƙa buhunan shinkafa, duk suna biyan wani lanho da ba a rubuta musu resi.

A ranar 4 ga Afrilu 2024 hukumomin soja sunka rusa majalisun ƙananan hukumomi da na birane da na jahohi, anka naɗa kantomomin da muke kira AD. Wato cikin shekara 80 mun ga kumandan, mun ga magajin gari naɗaɗɗe, mun ga zaɓaɓɓe, mun ga kantoma. Kowane ya zo da ranar tsabta tashi, ya riƙe tsintsiya an ɗauki hoto. Abin da na karanta cikin wannan tarihi shi ne, a kowane zamani mun iya fitowar rana ɗaya, ko don tsoro, ko don ganga, ko don biki. Abin da ba a taɓa ɗaure shi da kyau ba tun da leda ta kashe tsohon tsari, shi ne aikin kullum: daga ƙofar gida zuwa amalanke, daga amalanke zuwa wurin tarawa, daga nan kamyo ya kai bayan gari inda anka tanada. In ɗaya ya tsinke, sauran sun zama banza. Matasan unguwa su yashe kaniwo ranar Asabar, su tara dattin a bakin titi, kamyo bai zo ba, ruwan Talata ya mayar da shi inda ya fito. Wa bai taɓa ganin haka ba?

Ni ma ba zan wanke kaina ba. Akwai daren da hadari ya haɗo, na ji ana ce ma ƙanena ya yi maza ya kai bokitin shara waje kafin ruwa ya sauko, don ruwa ya tafi da ita. Na ji, ban hana ba. Gidanmu na sama, sharar ta tafi. Gidan wa ta je? Na wani ne a gangare, wanda ban san sunanshi ba, wataƙila yana cikin masu bugo mini waya suna kuka.

Don haka roƙona kashi biyu ne. Ga masu riƙe da gari, ko zaɓaɓɓu ko naɗaɗɗu: a fara yashe magudanai tun watan Afrilu da Mayu, kada a jira hadari. A kwashe abin da anka yashe a ranar. A nuna ma kowace unguwa wurin tara shararta, a faɗi ranar da kamyo ke zuwa, a kuma cika. Masu amalanken da ke bi gida-gida suna ɗaukar shara a kan ɗan abin da ake ba su, su ne ke riƙe da rabin aikin yau, a yi musu rajista a ba su wurin saukewa. A zo rediyo sau ɗaya a shekara a karanta ma jama'a da Hausa nawa anka tara na lanho da tikiti, nawa anka kashe a titi da shara. Wanda ya ji inda dalarshi ta shiga ya fi saurin sake ba da wata. Sannan a fito da takardun lotisma, mai unguwa da jama'arshi su san hilayen da anka ware ma kowa, don su tsare su.

Ga mu mazauna gari kuma: kaniwo hanyar ruwa ce, mu bar mishi hanyarshi. Uwargida ta koma ma kwandonta na kasuwa. A raba toka da kashin dabbobi da ragowar abinci daga leda, masu lambu a gulbi na bukatarsu har gobe. In anka ce za a zauna kan kasafin kuɗɗin gari, zaman konseye bisa doka a buɗe yake ga jama'a, duk ranar da majalisun sunka dawo mu je mu zauna mu ji. Limamai su taɓa maganar a huɗuba, malaman lekol su taɓa ta a aji. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A 1945 kakanninmu sun samu tudun da za su hau. Mu yau babu wani tudu a gabanmu, nan ɗin dai shi ne. Ƴan'uwa na Damagaram, Tawa, Yamai, Tasawa, Konni da Dogon Dutsi, na san kowane gari da irin nashi labarin, wanda ya san tarihin magudanan garinsu ya taimaka mana da shi, musamman dattawan da sunka ga zamanin samariya da idonsu. Za mu ci gaba da maganar a filinmu na rediyo in Allah ya kai mu.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da sharrin ruwa, ya jiƙan waɗanda sunka riga mu.